Darasi: Niyutron Mai Tsananin Sanyi da Bututun da Yake Bi

Duk abin da ido ke gani, daga yashin Kogin Wudil har ƙarfen gadar da ke kansa, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Kowace zarra tana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai ƙananan ƙwayoyi iri biyu: furoton mai cajin lantarki, da niyutron wanda ba shi da caji ko kaɗan. Haidurojin na yau da kullum ne kawai ba shi da niyutron, furoton ɗaya tak gare shi. Wani Bature ɗan Ingila, James Chadwick, shi ya gano niyutron a Kambirij a 1932, aka ba shi kyautar Nobel a 1935.

Muddin niyutron yana cikin cibiyar zarra mai zaman lafiya, zai iya daɗewa iyakar daɗewar duniya. Da zarar ya fito shi kaɗai, kwanansa ya kusa ƙarewa: a matsakaici daƙiƙa 880 yake yi, wato ƙasa kaɗan da minti 15, sai ya rikiɗe ya zama furoton, ya saki ilektron da wata ƙwaya da ake kira antinutirino. Mai son ya yi nazarinsa dole ya yi cikin wannan ɗan lokaci. Darasinmu na yau kan yadda ake rage masa gudu ne har a iya tura shi cikin bututu, da kuma irin ɓarnar da bangon bututun ke yi masa a hanya.

Inda ake samun niyutron a ƙasarmu

Ba sai an ƙetare teku ba. A Zariya, a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike mai suna NIRR-1. Ƙirar ƙasar Sin ce, an kawo ta da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ta fara aiki a 2004. Ƙarfinta wajen kilowat 30 ne, ba ta ba ko unguwa ɗaya wuta. Aikinta samar da niyutron. Ana saka ɗan samfurin ƙasa, ko dutse, ko hatsi, ko ganyen magani a cikinta, niyutron ya buge shi, daga hasken da samfurin ke fitarwa bayan haka a gane sinadaran da ke ciki da yawansu. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyom mai inganci sama da kashi 90 zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Gana ma tana da irinta kusa da Akara. Ɗalibin fiziks na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, wadda aka kafa a 2001, in yana son ganin aikin niyutron da idonsa, Zariya ce mafi kusa.

Sai dai niyutron ɗin Zariya mai ɗumi ne. Yakan fito daga tsagewar yuraniyom da gudun kusan kilomita 20,000 a daƙiƙa, ya yi ta karo da ruwan tukunyar har gudun ya sauko zuwa mita 2,200 a daƙiƙa. Ko a haka ya fi harsashi sauri. Wanda muke magana a kansa ba ya wuce mita 8 a daƙiƙa, ƙasa da kilomita 30 a awa, gwanin tsere zai wuce shi da ƙafa. A ilimin fiziks zafi motsi ne, abin da ya rage motsi ya huce. Idan aka auna wannan gudu da ma'aunin zafi, bai fi kashi 3 ko 4 cikin 1,000 na digiri ɗaya ba a sama da ƙarshen sanyi, wato digiri 273.15 ƙasa da sifili. Shi ya sa ake ce masa mai tsananin sanyi. Wuraren da ke samar da shi kaɗan ne a duniya: cibiyar ILL a Girenobul ta Faransa, cibiyar PSI a Suwizalan, Los Alamos a Amurka, TRIUMF a Kanada, da wasu 'yan tsiraru. A PSI da Los Alamos, cikin ƙanƙarar diyuteriyam, wato haidurojin mai nauyi, mai sanyin kusan digiri 5 sama da ƙarshen sanyi ake huce shi.

Yadda bango ke mayar da shi

Niyutron mai sauri ratsa ƙarfe yake yi ya wuce, tunda ba shi da cajin da zai sa a tare shi. Mai tsananin sanyi kuwa daban ne. Kowace ƙwaya tana da ɗabi'ar igiyar ruwa, kuma gwargwadon raguwar gudunta gwargwadon tsawon igiyar. A gudun mita 5 a daƙiƙa, tsawon igiyar niyutron ya kai nanomita 80, alhali tazarar zarra da zarra a cikin ƙarfe ba ta kai rabin nanomita ba. Saboda haka ba ya ganin zarra ɗai-ɗai balle ya bi ta tsakaninsu. Dubbansu yake ji a lokaci guda, su zame masa katanga. In kuzarinsa bai kai tsayin katangar ba, sai ya dawo baya, ta kowace kusurwa ya zo.

Enrico Fermi ne ya fara lissafa wannan katanga, shi ya sa take ɗauke da sunansa. A 1959 masanin Tarayyar Sobiyet Yakov Zeldovich ya ce ashe ke nan ana iya kulle niyutron a cikin kwalba. A 1968 ayarin Fyodor Shapiro a Dubna suka fara ganin irin wannan niyutron, Albert Steyerl kuma ya gan shi a Jamus kusan lokaci ɗaya ba tare da sun haɗa kai ba.

Ana auna kuzarin da tsayin katangar da ma'auni mai suna nano-ilektron-bolt, a taƙaice neV. Kada sunan ya firgita ku. Ku riƙe wannan kawai: niyutron mai neV 102, in ya nufi sama, mita ɗaya zai hau nauyinsa ya dawo da shi. Mai neV 300 ke nan bai fi mita 3 ba. Kowane abu da tasa katangar. Alminiyam 54 ne, shi ya sa ake yin siririyar taga da shi inda ake son niyutron ya wuce. Gilashin kwaz wajen 90. Jan ƙarfe wajen 168. Ƙarfe mara tsatsa, wanda ake cewa sitenles, wajen 188. Beriliyam 252. Lu'ulu'u ya ɗan haura 300. Gaba da su duka akwai nau'in nikel da ake kira nikel-58, mai 335. Beriliyam ɗin nan ba baƙo ba ne a Zariya, shi aka kewaye cibiyar NIRR-1 da shi don ya riƙa mayar da niyutron ciki.

Da riƙewa ce kaɗai damuwa, da an shafe kowane bututu da nikel-58 an huta. Akwai damuwa ta biyu, ita ce ainihin darasin.

Juyi da alƙibla

Ko da yake niyutron ba shi da caji, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne. Luis Alvarez da Felix Bloch sun auna ƙarfin maganaɗisunsa a 1940. Dalili shi ne a cikinsa akwai ƙwayoyi uku masu caji da ake kira kwak, cajinsu yana kashe juna amma motsinsu yana haifar da maganaɗisu. Wannan yana tafiya tare da wata ɗabi'a da za mu kira juyi. Ku tuna katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa: tana juyawa a kan tsininta, kuma in ta ɗan karkace sai kanta ya riƙa zagaye a hankali ba tare da ta faɗi ba. Haka niyutron ke yi a cikin filin maganaɗisu, yana juyi, sandar juyin kuma tana zagaya layin filin. Bambancin biyu ne. Juyin niyutron ba ya raguwa har abada, sannan in aka auna shi, ɗayan hali biyu kawai ake samu: ko yana bin alƙiblar filin, ko ya ba ta baya. Babu tsaka-tsaki.

Taron niyutron da ya fito daga inda aka huce shi rabi da rabi ne. Masu bincike kuwa so suke duka su fuskanci alƙibla ɗaya. Hanyar tace su tana da sauƙin fahimta. Filin maganaɗisu mai ƙarfin tesla ɗaya yana ƙara wa hali ɗaya tudu na neV 60, ya zame wa ɗayan gangara ta neV 60. A PSI an yi amfani da maganaɗisu mai tesla 5, tudun ya zama neV 300. Masu halin farko ba su iya hawa, sai su koma. Masu hali na biyu su wuce abinsu. A Los Alamos, a gwajin UCNA, tesla 7 aka sa. Don ku san girman abin, filin maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas bai wuce kashi 25 zuwa 65 cikin miliyan na tesla ɗaya ba.

Ana lissafa daidaiton alƙibla haka: a cire masu baya daga masu gaba, a raba da jimillarsu. In cikin 100 duka suna gaba, daidaito kashi 100 ne. In 90 suna gaba 10 suna baya, kashi 80 ne. Ku lura, niyutron ɗaya da ya kife asara biyu ce, ya ragu a nan ya ƙaru a can.

Tace su ba wuya. Kai su wurin gwaji a yadda aka tace su, nan gizo ke saƙa.

Abin da ke kifar da juyi a bango

Bari mu yi lissafi tare, ku ɗauko biro. A ce bututu ne mai faɗin santimita 10, niyutron yana gudun mita 5 a daƙiƙa. Ba miƙewa yake yi ba, daga bango zuwa bango yake, kuma a matsakaici tafiyar da ke tsakanin karo da karo daidai take da faɗin bututun. Mita 5 santimita 500 ce, a raba da 10, karo 50 ke nan a kowace daƙiƙa. In ya zauna daƙiƙa 200, ya taɓa bango sau 10,000.

Yanzu a ce bangon yana kifar da juyi sau ɗaya cikin karo 100,000. Wanda ya ji wannan zai ce ai ba komai ba ne. Amma 10,000 a kan 100,000 ɗaya bisa goma ne: kusan niyutron 10 cikin 100 sun kife, daidaito ya faɗo zuwa wajen kashi 80. In bangon sau ɗaya cikin miliyan yake kifarwa, ɗaya ne cikin 100 zai kife, daidaito ya tsaya kusan kashi 98. In kuwa sau ɗaya cikin 1,000 ne, tun kafin rabin minti an koma kusan rabi da rabi, wahalar maganaɗisu mai tesla 5 ta tafi a banza. Kayan kirki da aka auna a ɗakunan bincike suna faɗawa ne tsakanin ɗaya cikin 100,000 da ɗaya cikin miliyan. Duk gwagwarmayar a wannan tsakanin take.

Mai laifi na farko maganaɗisun bangon ne kansa. A fili mai tesla ɗaya sandar juyin niyutron tana zagayawa sau miliyan 29 a daƙiƙa. In alƙiblar filin tana sauyawa sannu a hankali, sandar tana bin ta lafiya lau, ko da bututun ya yi kwana. In kuwa ta sauya farat ɗaya, kafin sandar ta yi ko zagaye guda, niyutron ya rasa abin bi, yana iya fitowa a kife. Ƙarfe mai maganaɗisu a rarrabe yake ciki zuwa ƙananan yankuna, kowane da inda ya fuskanta, kuma filayensu suna leƙowa waje kaɗan daga fuskar ƙarfen. Niyutron da ya iso bango sai ya ratsa wannan hargitsi cikin ɗan taƙi. Nikel kuwa yana cikin 'yan ƙarafan da maganaɗisu ke kamawa, tare da baƙin ƙarfe da kobalt. Ga nikel-58 ya fi kowa iya riƙe niyutron, ga shi kuma yana ɓata masa alƙibla.

Maganin da aka samo shi ne a gauraya nikel da wani abin da zai kashe masa maganaɗisu. A PSI ana shafe cikin bututun gilashi da gaurayen nikel kashi 85 da molibdenam kashi 15, kaurin shafen bai kai maikiromita ɗaya ba, katangarsa wajen neV 220. A Los Alamos da TRIUMF an gwada nikel da fosfaras, mai wajen 213, aka ga kifewarsa 'yan ƙalilan ne cikin miliyan. An yarda a sauko daga 335 zuwa 220, an sallama niyutron masu yawa da za su ɓace ta bango, don waɗanda suka rage su isa da alƙiblarsu. A ganina wannan ciniki ne mai kyau ga gwajin da ya dogara da juyi, domin yawan niyutron da ba a san inda suka fuskanta ba ba ya ƙara wa mai aunawa komai sai ruɗani. Shafe mai kauri ba dole ba ne, tunda niyutron wajen nanomita 10 kawai yake nutsawa cikin bango kafin ya dawo.

Sitenles yana da nasa halin, kuma wannan kuna iya gwada shi a gida. Nau'in da ake yin bututun bincike da shi maganaɗisu ba ya kama shi. Amma inda aka lanƙwasa shi da ƙarfi, ko aka buga, ko aka yi masa walda, tsarin zarrarsa yakan sauya ya ɗan kama. Ku samo maganaɗisun tsohuwar lasifika, ku ɗaura shi da zare yana lilo, ku kawo kwanon sitenles kusa da shi. A wani kwanon shimfiɗaɗɗen gindi ba zai ja ba, amma a bakin da aka naɗe ko wurin da aka liƙa hannu za ku ga maganaɗisun ya ɗan karkato. Wani kwanon kuma ko'ina zai manne, wannan wani nau'i ne daban. Ɗigon walda guda irin wannan a cikin bututu ya isa ya riƙa kifar da niyutron da ya bi ta gefensa. Saboda haka a UCNA, bayan an wuce maganaɗisun tacewa, jan ƙarfe da aka goge da lantarki da kuma shafen kabon mai kama da lu'ulu'u aka yi amfani da su, daidaito ya haura kashi 99.

Mai laifi na biyu haidurojin ne. Furoton ɗin da ke cibiyarsa shi ma yana da juyi, kuma in niyutron ya yi karo da shi suna iya musanya: wannan ya kife, wancan ya kife. Haidurojin ya yi wa diyuteriyam, ɗan'uwansa mai nauyi, fintinkau a irin wannan karo, kusan ninki 40. Ga shi kuma ba inda babu shi. Yana cikin danshin iska, yana cikin maiƙo, yana cikin roba, yana cikin zufar yatsa. Ko bangon da ido ke ganin tas yake, akwai ɗan siririn ruwa a manne da shi, kuma daidai wurin da niyutron ke taɓawa yake. Banda kifar da juyi, haidurojin yakan ba niyutron ɗumi ya tsere gaba ɗaya. Don haka ake wanke bututu da sinadarai, a gasa shi bayan an zuƙe iskar ciki, ba a taɓa shi sai da safar hannu. In dole sai an sa roba, akan yi ta da diyuteriyam a madadin haidurojin, kamar yadda aka shafe bangon ma'ajiyar gwajin PSI da za mu zo kansa a gaba. Wannan ne ya sa sunan ƙarfe kaɗai ba ya gaya maka yadda bututu zai yi aiki. Bututu biyu na jan ƙarfe iri ɗaya suna iya ba da sakamako daban, in ɗaya ya sha gyara ɗayan an yi masa riƙon sakainar kashi.

Beriliyam ba shi da maganaɗisu, katangarsa ma doguwa ce, amma ƙurarsa guba ce mai lalata huhu. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka karkata ga shafen kabon, wanda katangarsa ta kusa ta beriliyam.

Yaya ake ƙirga kifewar da ba a gani? Wata dabara da aka yi a ILL ta burge ni. An tsayar da bututu a tsaye, an lulluɓe cikinsa da abin da ake son gwadawa. A ƙasa babu murfi sai filin maganaɗisu mai ƙarfi, a sama ma babu murfi, nauyin niyutron ne ke dawo da shi. Sai a cika shi da niyutron masu halin da filin ke korewa. Duk wanda ya kife a bango, filin da ke korarsa ɗazu yanzu jawo shi zai yi, ya zurma ƙasa ya faɗa na'urar ƙirge. Kowane ƙirge ɗaya kifewa ɗaya ce.

Abin da ake nema da wannan wahala

Babbar tambayar ita ce ko cajin da ke cikin niyutron ya ɗan rabu, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya. Edward Purcell da Norman Ramsey ne suka tayar da ita a 1950. Ana kulle niyutron masu alƙibla ɗaya a cikin fili mai rauni ƙwarai, kashi ɗaya cikin miliyan na tesla, inda sandar juyi ke zagayawa sau 29 kacal a daƙiƙa. A bar su minti 3, a sa musu lantarki mai ƙarfi, sannan a juya lantarkin a ga ko saurin zagayen ya sauya. A fili mai rauni haka, ƙanƙanin maganaɗisu a bango babban abu ne. Sakamakon PSI na 2020 bai ga rabuwar ba. Ya nuna in ma akwai ta, ba ta kai 1.8 × 10⁻²⁶ ba a ma'aunin cajin ilektron sau santimita. Ana ci gaba da nema da sabuwar na'ura mai suna n2EDM, domin amsar tana da alaƙa da tambayar da Andrei Sakharov ya yi nazari a 1967: me ya sa duniya ta cika da zarra irin tamu, kishiyoyinta suka kusa ɓacewa?

Aikin gida

1. Bututu mai faɗin santimita 5 ne, niyutron yana gudun mita 4 a daƙiƙa. Sau nawa zai taɓa bango cikin daƙiƙa 100? In bangon yana kifarwa sau ɗaya cikin 200,000, nawa ne cikin 100 za su kife, kuma daidaito zai zama kashi nawa?

2. An ba ku nikel-58 da jan ƙarfe. Wanne za ku sa kafin maganaɗisun tacewa, wanne bayansa? Ku kawo dalili.

3. Ku yi gwajin maganaɗisu da zare a kan kayan sitenles guda uku, ku rubuta daidai inda ya ja da inda bai ja ba. Mai sana'ar walda a cikinku ya zo da guntun sitenles da ya liƙa da hannunsa, mu gwada shi a aji. Ku nisanta maganaɗisun daga katin banki da agogon hannu.